Gona Ba Ta Ƙaruwa: Nasiha Ga Samari Da Ƴan Matan Sae Sabuwa

Ɗana, ƴata, ku da kuka taso a Sae Sabuwa da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, daga Tibiri da Cadakori har zuwa ƙasar Agye da Gazawa, akwai lissafin da ya kamata ku yi da kanku tun kafin duniya ta yi muku shi da ƙarfin tsiya. Kowace shekara, da zarar an ɗaure dammunan hatsi an kai rumbu, sai tasha ta cika da samari, kowa da ƴar jakarsa, wasu za su Kano, wasu Legas, wasu Agadas da abin da ke bayanta. Fita nema ba abin kunya ba ce, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma iyayenku ma sun ci rani. Abin da ke damun mai lura shi ne yawancin masu tafiyar ba su tsaya sun gane abin da ya fitar da su daga gida ba, shi ya sa ba su san abin da ya kamata su komo da shi ba. Abin da ya fitar da su kuwa a fili yake: mutane suna ƙaruwa, gona tana nan yadda take. Wanda ya gane haka da wuri zai tsara gonarsa da tafiyarsa da aurensa a kan wannan gaskiya. Wanda bai gane ba zai yi ta kai da komo tsakanin gida da bariki har ƙarfinsa ya ƙare.

Mu fara da alƙaluma, tun da su ba sa son kai. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, mutanenta ba su wuce miliyan 3 da ɗoriya ba. Ƙidayar 1988 ta samu sama da miliyan 7, ta 2001 ta samu miliyan 11, ta 2012 kuma ta samu sama da miliyan 17, yau ga shi an haura miliyan 25. Tsakanin ƙidayoyi biyun ƙarshe, jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a kowace shekara, wato ƙasa na ninka yawanta cikin kimanin shekara 18, kafin jaririn da aka raɗa wa suna yau ya isa aure. Jihar Maraɗi kaɗai tana da mutum miliyan 3.4 a 2012, kuma in aka cire Yamai babu jihar da mutane suka cunkushe a cikinta kamar tamu, musamman kudancinta inda muke. Wannan ƙaruwa tana da dalilin da ya kamata a gode wa Allah a kansa: allurar rigakafi da gidan sauro da ruwa mai tsabta sun sa yaran da a da ƙyanda da zazzaɓi ke ɗaukewa yanzu suna rayuwa. Sai dai kusan rabin ƴan ƙasa ba su kai shekara 15 ba, kuma kowannensu nan gaba kaɗan zai nemi gona ko aiki, ya nemi ɗaki, ya nemi abin da zai ciyar da nasa iyalin. Ku ne na gaba a wannan layi, ƙannenku kuma sun fi ku yawa.

Kakanninku sun taɓa fuskantar ƙuncin wuri, amma su suna da mafita. A ƙarni na 19, yaƙe-yaƙe sun sa Gobirawan Tibiri da Katsinawan Maraɗi sun takure a kwarin Gulbi, inda ake iya kare kai. Da aka samu kwanciyar hankali a farkon ƙarni na 20, sai jama'a suka bazu cikin daji. Mutum ya ɗauki gatarinsa da iyalinsa, ya gina rijiya, ya sari daji iya ƙarfinsa, gari ya kafu da sunansa. Zamanin gyaɗa ya ƙara wa wannan sara gudu, domin kowa na son faɗaɗa gona ya samu na haraji da na sutura. A lokacin, gona in ta gaji sai a bar ta saura ta huta shekaru, a koma wata. Kafin a fita daga shekarun 1970, dajin kudancin Maraɗi ya kusa ƙarewa, hutun gona ya zama labari, makiyaya da burtali suka matse. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum sama da 100, akasarinsu mata da yara, ya isa ya nuna inda ƙuncin ƙasa ke kai mutanen da suka daɗe suna zaman lafiya. Mafitar kakanni ta rufe, babu sauran dajin da za ku sara.

Yanzu ɗauki misali a gidanku. A ce kakanka ya bar hekta 12, da ƴaƴa maza huɗu, ba a ma sa rabon mata a lissafi ba. Kowa ya tashi da uku. In kowannensu ya bar maza huɗu, rabonka bai cika hekta guda ba. Hekta ta hatsi a jigawarmu, a damana mai matsakaicin kyau, tana ba da kilo 400 zuwa 500, mutum guda kuma yana buƙatar kilo 200 zuwa 250 a shekara. Ashe gadonka ba zai ma iya ciyar da kai da matarka ba, kafin a zo ga yaro ko guda, kafin a cire iri da zakka da na biki da na magani. Wannan ne ya sa rumbu ke yin fayau tun kafin bazara, a koma awo da tiya a kasuwa lokacin da hatsi ya fi tsada. Kuma idan gandu ya matse, waɗanda ake fara janye wa ƙasa su ne mata da samari, domin gamanar da maigida ke yanka musu ita ce ta farko da ake mayarwa cikin gandu. Matar da uwarta ke noma gyaɗarta da riɗinta ta sayi akuya, yau ba ta da inda za ta soka kuɓewa. Ba mugunta ce ta iyaye ba, abin ne bai isa ba.

Saboda haka gargaɗina na farko shi ne, ɗana, kada ƙanƙantar gadonka ta sa ka raina shi. Kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne saurayi ya jinginar da gonarsa, ko ya matsa wa tsoho a sayar, don a samu kuɗin mota zuwa Libiya ko kuɗin aure. Jingina tana da sauƙin shiga, fitarta ce wuya: kuɗin sun tafi cikin wata guda, gonar tana hannun wani yana nomawa shekara da shekaru, ranar da ka zo fansa kuma ka tarar shaidu sun mutu ko magana ta canza. Ka lura da masu saye, ƴan kasuwa ne da ma'aikata na birni waɗanda suka fi ka sanin abin da ƙasa za ta zama nan da shekara 20, musamman a wuri irin namu da ke bakin Maraɗi. In da gona ba ta da daraja, da ba su bi ta da kuɗi ba. Wanda ya sayar yakan dawo ɗan ƙwadago a gonar ubansa, ana biyan sa da yini. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In kuma larura ta tilasta jingina ko aro, to a yi shi a rubuce. Tun 1993 ƙasa ke da dokar tsarin karkara, kuma akwai kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har zuwa gunduma, waɗanda aikinsu ke nan su ba da takardar shaida.

Za ka ce, to ai shi ya sa muke fita, kuma ga wane da wane sun je sun dawo sun yi ginin siminti. Gaskiya ne, kuɗin ƴan cin rani sun rufa wa gidaje da yawa asiri, babu mai musun wannan. Amma kana ganin wanda ya dawo da kaya ne, wanda kunya ta hana shi dawowa da wanda rairayi ya binne ba sa zama a dandali su ba da labari. Hanyar kuma ba a hannunka take ba. A 1983 Najeriya ta kori baƙi sama da miliyan guda. A 1984 ta rufe iyaka ana tsakiyar fari, har mutanen nan suka sa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Naira 1,000 da ke kawo kusan jikka uku a 2014, a 2024 ba ta kai rabin jikka ba, wato gumin wata shida a Legas yana narkewa a wurin ɗan canji. Hanyar arewa kuma, yaƙin Libiya na 2011 ya koro ƴan Nijar sama da 200,000, da yawa hannu rabbana. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara daga yankin Kance. Har yau Aljeriya na zubar da mutane a hamada su taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka. Kada kuma ka manta, tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo ƙasar Gidan Rumji, har aka zaunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka. Inda kake tunanin gudu, wasu daga can suka gudo.

Ban ce kada ka fita ba. Cewa nake ka fita da abin da za ka sayar wanda ya wuce ƙarfin damtse. Dubi samari biyu da suka sauka tasha guda a Kano. Na farko ya kama turin kurar ruwa ko dako a kasuwar Dawanau, yana kwana a baranda, abin da ya samu da rana ya ci rabinsa da dare, ranar da zazzaɓi ya kayar da shi kuma babu ko sisi. Akwai dubu irinsa da ke jiran wurinsa, don haka ba shi da bakin ciniki. Na biyu ya iya gini, ko walda, ko gyaran babur, ko haɗa wutar sola da gyaran famfon burtsatse. Shi ana neman lambarsa, kuma abin da ya iya yana binsa duk inda iyaka ta jefa shi, har gida. Bambancinsu shekara biyu ce ta haƙuri a gaban maigidan sana'a ko a cibiyar koyon sana'a, shekarun da na farko ya ga kamar ɓata lokaci ne. In ka tafi, ka tafi da niyya da wa'adi: ka san abin da kake tarawa dominsa, ka komo kafin ruwan shuka, domin gonar da aka bar wa tsoho da yara ba ta ba da abin da ta saba. Abin da ka samo kuma ka sa shi inda zai haihu, jar akuyar Maraɗi, ko sa da amalanke, ko taki, ko kayan aiki. Babbar waya da sabon ɗinki na sati biyu ne a idon jama'a. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wani zai kawo hujja mai ƙarfi ya ce, yawan mutane ai shi ne kasuwa, ga Kano nan ta fi mu cunkoso kuma ta fi mu arziki. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma Maraɗi kanta shaida ce: birnin da ke da mutum kusan 150,000 a 2001 ya haura 260,000 a 2012, alhazansa kuma da cinikin gyaɗa da fataucin iyaka suka kafu. Komawar mutane birni abu ne da ke faruwa a duk duniya, kuma a Nijar, inda har yanzu sama da mutum 8 cikin 10 ke karkara, somawa ma aka yi. Wasunku a birni za su ƙare rayuwarsu, babu laifi a ciki. Amma abin da ya ɗaukaka Kano tun asali shi ne rini da saƙa da jima da ƙira da fatauci, wato mutane masu abin yi a hannu. Taron da ba shi da sana'a ba ya zama kasuwa, zaman kashe wando yake zama. Birni kuma ba ya ba da komai kyauta: ɗaki haya, ruwa saye, itace saye, har wurin kewayawa. Wanda ya shigo ba shiri, ƙarshensa unguwar gefe ce, a kan hanyar ruwa, inda fili ya fi araha. Ambaliyar damanar 2024 ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma gidajen laka na talakawa ne suka fi rushewa. In za ka koma birni, ka shiga da sana'a, ka kuma bar ƙafa guda a gonarka.

Ga abin ƙarfafa gwiwa: gona ba ta faɗaɗa, amma tana iya ƙara albarka, kuma a ƙasarku aka nuna wa duniya haka. A farkon shekarun 1980 wani Ba'ostireliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sassabin zamani ya yaɗu. Aikin ba ya son kuɗi: lokacin sharar gona, maimakon ka ƙone tohon sabara ko kalgo ko gawo, sai ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, ka sassabe sauran, ka riƙa yi musu aski suna miƙewa. Cikin ƴan shekaru ka samu itacen girki da abincin dabba da abin da ke karya iskar da ke binne shuka. Gawo ma yana zubar da ganyensa da damana, ya ba ƙasa taki ba tare da ya yi wa hatsi inuwa ba. Mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye sun yi suna a kan wannan, har suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da mata a cikinsa, kuma masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ƙara da takin gida, da irin wake da hatsi mai saurin nuna, da aya da riɗi da yankin Agye da Gazawa ya shahara da su. Sannan ka koyi riƙe amfaninka. Yunwar 2005 ta fi tsanani a Maraɗi, rumbun ƙasa, alhali hatsi na nan a kasuwa, sai dai wanda ya sayar da arha da kaka ya kasa saye da tsada da bazara. Shiga ƙungiyar manoma da ke ajiye amfani a sito ta karɓi rance a kansa ya fi kai shi kasuwa ranar da kowa ke kaiwa.

Saura magana mai nauyi, wadda ake jin nauyin yi da ƴaƴa, amma rashin yin ta ya fi cutarwa. Binciken lafiya na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a Maraɗi ma abin ya haura 8. Za a ce haihuwa kyautar Allah ce, kuma bakin da Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Haka ne, babu mai imanin da zai ja da wannan. Amma Wanda ke ciyarwa Shi ne Ya ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya, Ya kuma sanya shayarwa ta cika shekara biyu ga mai so. Manomi ya yarda arziki na Allah ne, duk da haka yana ba da tazara tsakanin ramukan shuka, yana kuma cire wasu tsiron don sauran su yi zangarniya, bai taɓa ɗaukar haka rashin tawakkali ba. Iyayenmu mata sun san illar kwanika tun kafin likita ya zo, shi ya sa mace kan je goyon ciki da wanka gidansu ta daɗe. Abin da asibiti ke faɗa yau shi ne a bar aƙalla shekara biyu bayan haihuwa kafin wani ciki, don uwa ta murmure, na goye kuma ya tsira daga tamowa. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin hidimar tazarar haihuwa a asibitocinta. Ɗana, ka raka matarka ku ji bayani tare, kada ka bar mata nauyin ita kaɗai. Kafin ka ƙara aure kuma, ka ƙirga dammunan da ke rumbunka. Yaron da aka tura bara birni yana ɗan shekara bakwai saboda tuwo bai isa ba, haƙƙinsa yana wuyan wani.

Ke kuma ƴata, wannan lissafi ya fi shafar ki fiye da kowa. Binciken 2012 ɗin nan ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, Maraɗi kuma tana sahun gaba. Yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama ƙwari ba ita ce ke fuskantar doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Tun Disambar 2017 akwai dokar da ke kare karatun ƴa mace har ta kai shekara 16, ki san da ita, ki kuma nemi goyon bayan iyayenki da ladabi. Za a ce miki ga masu digiri nan daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suna yawo ba aiki. Akwai su, amma amfanin karatu bai tsaya ga albashi ba. Macen da ta iya karatu tana karanta takardar magani, tana lissafin ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙulinta, tana sanin rabonta na gado da addini ya ba ta, ba a sa ta dangwala yatsa a takardar da ba ta san abin da ke ciki ba. Tun da gamana ta yi wuya, karatu da sana'a su ne gonar da babu mai janye miki. Ki shiga asusun mata, ki riƙe akuyarki, ki koyi ɗinki ko sarrafa amfanin gona. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun nan da kike ciki su ne ɗanyen.

Ƴaƴana, ba ku kuka jawo wannan matsi ba, kuma akwai nauyin da ke kan hukuma na makarantu da asibitoci da hanyoyi da ayyukan yi, wanda ya kamata ku riƙa tambaya a kansa ba tare da tsoro ba. Amma kafin hukuma ta iso, abin da ke hannunku ya fi abin da kuke zato. Ku riƙe gonar gado komai ƙanƙantarta, ku raya itatuwan cikinta. Ku koyi sana'a kafin ku hau mota, ku komo kafin ruwan shuka. Ku yi aure da shiri, ku ba haihuwa tazara, ku bar ƙannenku mata su yi karatu. Nan da shekara 18, in Allah Ya kai mu, mutanen ƙasar nan za su kusa ninka na yau, ku ne kuma za ku zama iyayen da za a tambaya me suka tanada. Ku fara tanadin tun daga wannan kaka. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa ku fi mu.